Ciwon haƙori a Tondikandiya: yadda tsoro ke hana mutane zuwa likita

A Damana da ƙauyukan Tondikandiya, kamar sauran yankin Filinge, mai ciwon haƙori yakan fara da kanumfari ko ruwan gishiri, sannan ƙwayoyin ƴan tebur. Sai kunci ya kumbura, barci ya gagara, kafin ya nufi gidan likita. Rashin kuɗi da nisan hanya suna da hannu a wannan jinkiri, amma akwai dalilin da ba a cika faɗa ba, wato tsoro.

Wani allura yake tsoro, wani ganin jini. Wani kuma tun yana yaro aka cire masa haƙori ba tare da maganin kashe zafi ba, har yau bai manta ba. Ga jita-jitar cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido, maganar da ba ta da tushe a likitance.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Ulf Berggren, ya bayyana yadda abin ke zagayawa tun 1984. Tsoro na sa a ɗage zuwa likita, kogon haƙori ya yi zurfi, kunyar buɗe baki gaban mutane ta shigo. Ranar da aka je, aikin da ciko kaɗai zai wadatar ya koma cirewa, wani lokacin har sai an tura mutum Yamai, mai nisan kusan kilomita 180 daga Filinge. Daga nan tsoron ya ƙara samun gindin zama.

Damuwa ma tana taɓa baki. A jihar Tillaberi, inda rashin tsaro ya raba iyalai da gidajensu, mai zulumi yakan bar asuwaki, ya yawaita shayi mai sukari da taba. Damuwa na busar da miyau, alhali miyau ne ke kare haƙora, tana kuma sa cizon haƙora cikin barci.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta a 2022 cewa kusan mutum miliyar 3 da rabi ke fama da cututtukan baki.

Ma'aikatan lafiya na ba da shawarar a je tun ciwon yana ƙarami. A gaya wa likita ana jin tsoro, a kuma shirya da shi cewa ɗaga hannu na nufin ya dakata. Iyaye su daina razana yara da allura, don wannan tsoro yakan bi yaro har girma.