Ƙwararre, Gwani da Mai Wayo a Turanci

Kowace shekara idan muka zauna duba rubutun 'yan ajin ƙarshe, mukan tarar da waɗansu kalmomin Turanci da ɗalibai suke musanyawa kamar ma'anarsu ɗaya ce. Da yake ba da daɗewa ba za ku fara rubuta takardun neman aiki, ya kamata mu warware su tun yanzu.

Mu fara da skilled da skilful. Ana cewa mutum skilled ne idan ya koyi sana'a a hannun maigida ko a makaranta har ya ƙware, kamar kafinta, tela ko makaniki. Skilful kuwa yana duban yadda aka yi aikin ne, wato gwaninta. Yaron da ba wanda ya taɓa koya masa ƙwallo yana iya zama skilful a fili. A lura da rubutun: mutanen Ingila suna sa l ɗaya a tsakiya, na Amurka biyu, amma a ƙarshen kalmar l ɗaya ce ga kowa.

Competent yabo ne, amma ba mai yawa ba. Ma'anarsa mutum yana yin aikin daidai, ba abin zargi, shi ke nan.

Wadda ta fi damunmu ita ce cunning. Wani ɗalibinmu ya taɓa rubuta a takardar neman aikin akawu cewa shi cunning ne wajen lissafin kuɗi. Allah ya sa ya kawo mana kafin ya aika! Shi yana nufin gwani, amma abin da mai karatu zai fahimta shi ne wayo irin na Gizo, wato mai dabarar cuta. Wa zai damƙa wa irin wannan makullin ofis? Ba mu ga laifinsa sosai ba, gama a coci ya tsinci kalmar. A tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki Yakubu na Ingila, wadda ta fito a 1611, da ita aka kwatanta gwanintar Dawuda wajen kaɗa garaya, a Littafin Sama'ila na Fari, sura 16. A zamanin nan ma'anarta sani ne da iyawa, daga baya ta karkata zuwa yaudara. Muka ce ya goge ya sa skilled, tun da ya koyi lissafin a aji.