Allo Ya Yi Faɗi, Rubutu Ya Ƙanƙance

Wata ranar kasuwar shanu na shiga wani shagon kwamfuta a Potiskum don a buga mini takarda, sai na tarar da wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya kusa manna hancinsa a jikin allo. Sakamakon jarrabawar NECO ta jikarsa yake dubawa. Allon ƙato ne, irin mai faɗin nan da ya kusa cinye teburin, amma rubutun na can tsakiya kamar jerin tururuwa, dama da hagu kuwa fili fetal. Ya zare tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Ɗana, ko dai idon ne ya tafi?" in ji shi.

"Baba, haka shafin yake," in ji yaron shagon.

Na nemi izini na danne maɓallin Ctrl, na buga alamar + sau uku. Nan take haruffa suka miƙe, suka kai kashi 150 cikin ɗari. Dattijo ya ja kujera baya, ya karanta sakamakon a fili, har da ɗan murmushi da ya iso kan Lissafi.

Abin da ke rikita mutane shi ne zaton cewa babban allo dole ya zo da babban rubutu. Ba haka ba ne. Duk abin da kake gani a allo an haɗa shi ne da ƙananan ɗige-ɗige da ake kira fiksel. Ka ɗauki hula zanna: idan mai ɗinki ya ware wa fure ɗaya ɗinki goma sha biyu, to a hular da aka yi wa ɗinki manya furen zai fito babba, a wadda aka yi wa ɗinki ƙanana kuwa sai ya tsuke, alhali lissafin ɗinkin bai canja ba. Haka harafi yake.

Tsofaffin allunan nan masu doro, waɗanda suka cika shagunan intanet a shekarun baya, yawanci ɗigo 800 ne a kwance da 600 a tsaye, ko 1024 da 768. Masu tsara shafuka na wancan zamani sai suka riƙa yanka shafi daidai wannan awo, faɗinsa bai cika kai ɗigo 1,000 ba. Yau kuwa allo mai faɗi yakan zo da 1920 da 1080. Ka ga shafin da aka yanka wa tsohon allo rabin sabon kawai zai ci. Abin ya fi tsanani a laftof: mai inci 15.6 da ke da wannan yawan ɗigo tana cusa kusan 141 a kowane inci, inda tsohon allo bai cika wuce 96 ba. Harafi ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa ke nan, ba tare da idon kowa ya yi laifi ba.

Maganin farko shi ne wanda na yi wa malam. Ctrl da + na ƙara girma, Ctrl da alamar ɗebewa na ragewa, Ctrl da 0 na mayar da shafi yadda ya zo. Ko ka danne Ctrl ka murza 'yar tayar da ke kan linzami. Chrome da Firefox da Edge duk sun san wannan, kuma sukan riƙe awon da ka zaɓa wa kowane gidan yanar gizo, ba sai ka maimaita gobe ba.

In kuwa ba shafi kaɗai ke wahalar da kai ba, har sunayen fayil da 'yan maɓallan Word, to gyaran na wurin Windows. A Windows 10 da 11 ka shiga Settings, sai System, sai Display, ka nemi Scale ka ɗaga shi daga 100 zuwa 125 ko 150. Akwai kuma madubin ƙara girma: maɓallin Windows da + na kira shi, Windows da Esc na sallamarsa.

Akwai wata dabara da nake yawan gani, wadda ba na so ko kaɗan. Wasu masu gyara sukan rage yawan ɗigon allon gaba ɗaya, su mayar da shi 1024 da 768 wai don rubutu ya girma. Yakan girma, amma ya yi dishi-dishi, kuma da yake awon na allo mai kusan murabba'i ne, sau da yawa sai hoton ya miƙe gefe da gefe. Fasfon siririn yaro sai ya fito da kumatu kamar wanda ya guntsi fura. Allo shafaffe yana da awonsa na asali guda ɗaya, wanda Windows ke rubuta Recommended a gabansa. A bar shi a nan.

Faɗin kansa ma yana da tasa fitina. Wani shafin yakan baje layi daga wannan bango zuwa wancan, ka kai ƙarshe ka dawo ka rasa inda za ka ɗora. Danna Windows da kibiyar hagu, shafin ya koma rabin allo, layuka su gajarce kamar na jarida. A Firefox da Edge kuwa, F9 yakan share talla da tarkace a shafukan labarai ya bar maka tsurar rubutu, ka zaɓi girman da kake so.

Mu masu karanta Hausa muna da ƙarin dalili. Lanƙwasar da ta raba ƙ da k ko ɗ da d ɗigo biyu ko uku ce kacal, ita ce kuma farkon abin da ke ɓacewa in harafi ya ƙanƙance. Sai "baƙi" ya koma "baki", "faɗa" ya zama "fada". Wannan ma da sauƙi, ma'ana takan fitar da kai. Lamba ita ce ba ta da gyara. NIN da BVN kowace lamba 11 ce, lambar asusun banki 10. Dillalin da zai tura kuɗin tirelar shanu, ko ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke cike fom ɗin rajista, in 3 ta rikiɗe masa 8, ya shiga zarya. Tun 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta kacokan, yaran da ke atisaye a shaguna sun ƙaru, kuma da yawansu suna ta ƙyafta ido a gaban rubutun da maɓalli biyu zai gyara.

Masu tsara shafuka ma da nasu alhakin. Ƙa'idojin da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008 sun tanadi cewa ya kamata rubutu ya iya ninkuwa zuwa kashi 200 ba tare da shafi ya wargaje ba. Idan ka ƙara girma maɓallin aika fom ya ɓuya, to maginin ne bai yi aikinsa ba. Rage kaɗan ka danna, ka mayar.

Ban ce kullum laifin na'ura ba ne. Daga wajen shekara 40 ido yakan fara gajiya da ganin kusa, wannan halitta ce. Wanda ya kai kashi 150, ya goge ƙurar hunturu daga allo da tsumma mai laushi, ya juya shi daga hasken taga, amma har yanzu yana ganin hazo ko kai na sara masa, ya je asibiti a auna shi, ya bar sayen tabarau a tire. Ga mai dogon zama kuwa, likitocin ido kan ba da shawarar duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisa na daƙiƙa 20.

Da malam zai tafi sai ya karɓi biro, ya rubuta Ctrl + a bayan takardar sakamakon, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Yaron shagon kuwa ya buga Ctrl da 0 kafin na gaba ya zauna.