Great Britain, Jirgin Ƙarfen da Teku Ta Kasa Cinyewa

Ranar 19 ga Yuli, 1843, aka ƙaddamar da wani jirgin ruwa a birnin Bristol na Ingila, wanda a lokacin babu kamarsa a girma a duniya. Sunansa Great Britain, tsawonsa mita 98, kuma injiniya Isambard Kingdom Brunel ne ya tsara shi. Abu biyu suka raba shi da sauran jiragen zamaninsa. Gangar jikinsa ƙarfe ce, ba katako ba. Sannan injin tururinsa farfela yake juyawa a ƙarƙashin ruwa, maimakon manyan ƙafafun nan masu juyi a gefen jirgi.

A 1845 ya tashi daga Liverpool zuwa New York ɗauke da fasinjoji da kaya, ya isa cikin ƙasa da kwana 15. Sai dai a Satumbar 1846 aka yi kuskuren hanya, ya kafe a yashin gaɓar Dundrum ta ƙasar Ireland. Kusan shekara guda ya yi a wurin, igiyar ruwa na dukansa duk tsawon hunturu. A ganina nan ne ya fi nuna ko shi wane ne, domin da jirgin katako ne, da tuni ya wargaje. An ciro shi a 1847 yana nan da jikinsa, amma kuɗin aikin ya karya kamfanin da ya mallake shi, dole aka sayar da jirgin.

Sababbin masu shi suka juya akalarsa zuwa Ostireliya daga 1852, inda ya kwashe fiye da shekara 20 yana jigilar masu neman zinariya da sabuwar rayuwa. Ya kuma yi dakon sojoji lokacin yaƙin Kirimiya. Da ya tsufa, aka cire injinsa, ya koma ɗaukar kwal da ƙarfin iska.

A 1886 guguwa ta lalata shi, ya fake a tsibiran Falkland, aka mai da shi rumbun ajiyar ulu da kwal. A 1937 aka huda shi aka yasar a wani lungun ruwa. Abin tausayi, jirgin da ya taɓa zama abin kallon duniya!

A 1970 aka ɗora shi bisa wani katafaren dandali mai iyo, aka jawo shi har Bristol. Ranar 19 ga Yuli ya koma ainihin wurin da aka ƙera shi. Yau gidan tarihi ne, ana hura wa ƙarfensa busasshiyar iska don kada tsatsa ta ƙarasa shi.