Canjin Kwas a Jami'a: Abin da Ya Kamata Mu Sani Tun Yanzu

Akwai wata magana da ake yawan faɗa wa wanda ya nemi karatun likita ko lauya bai samu ba. Sai a ce masa, "Karɓi duk kwas ɗin da aka ba ka, in ka shiga sai ka canza." Maganar tana da daɗin ji, amma ta sa yara da yawa sun yi asarar shekaru. Wani yayana ya karɓi ilimin tsirrai da niyyar komawa likitanci bayan shekara guda. Ya cika takardar neman canji har sau biyu bai dace ba, kuma saboda hankalinsa ya rabu biyu, sai makinsa ya yi ƙasa a kwas ɗin da yake ciki. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi mana bayanin yadda abin yake.

Da farko, me ya sa gurbi ya yi ƙaranci a waɗannan kwasa-kwasai? Ba jami'a kaɗai ke yanke yawan ɗaliban da za ta ɗauka ba. A fannin likita, Majalisar Kula da Aikin Likitanci da Haƙori ta Nijeriya ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadinta, bisa la'akari da yawan malamai, da ɗakunan gwaje-gwaje, da gadajen asibitin koyarwa, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko Asibitin Malam Aminu Kano. Dalili kuwa shi ne, ba a koyon likitanci a allo kaɗai, sai an tsaya a kan marar lafiya. Haka kuma Majalisar Ilimin Shari'a take yi wa masu karatun lauya, domin dukansu sai sun wuce Makarantar Horon Lauyoyi, wadda ɗaya daga rassanta ke Bagauda. To, in an cika adadin nan tun ranar ɗaukar ɗalibai, mai neman canji zai jira ne sai wani ya faɗi ko ya bari.

Hanyoyin canji guda uku ne. Ta farko ita ce kafin a ba mutum gurbi. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana ba ɗalibi damar sauya kwas ko jami'a bayan ya ga makin da ya ci cikin 400. Wannan ita ce mafi sauƙi, amma galibi masu saukowa daga kwas mai wuya zuwa mai sauƙi take yi wa amfani.

Ta biyu ita ce canji a cikin jami'a, yawanci bayan an gama shekarar farko. A nan sai ɗalibi ya cika takarda, sashen da yake ciki ya yarda ya sake shi, sashen da yake nema ya yarda ya karɓe shi, sa'an nan majalisar malamai ta jami'a ta amince. Ana duba jimillar makinsa na shekara, wanda a yawancin jami'o'inmu ake auna shi bisa 5, kuma a kwas mai tsananin takara sai wanda ya kusanci ƙololuwa ake saurara. Ban da haka ana komawa kan takardarsa ta sakandare. Mai son likitanci dole ya sami kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son lauya kuwa ana neman Adabin Turanci a wurinsa. Wanda ya rasa ɗaya daga ciki, komai ƙoƙarinsa ba za a duba shi ba. Wasu jami'o'in ma sam ba su karɓar canji zuwa likitanci. Wanda ya dace kuma, ya tabbata an gyara bayaninsa a JAMB, don kada ya sha wahala lokacin tafiya hidimar ƙasa.

Ta uku ita ce sake jarrabawar JAMB, ko shiga aji biyu kai tsaye da sakamakon IJMB ko da digirin farko a fanni mai dangantaka. Wannan hanya tana cin lokaci. Karatun likita shekara 6 ne, na lauya shekara 5, don haka sai mutum ya yi lissafi da kyau, shi da mai biya masa kuɗin makaranta.

Shawarata ga 'yan'uwana, musamman 'yan aji huɗu masu zaɓen darussa, ita ce mu gyara tun yanzu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin ka karɓi kowane kwas, nemi littafin dokokin jami'ar ka karanta sharuɗɗan canji da idonka, kada ka dogara da jita-jita. Kuma ka tambayi kanka: in canjin bai yiwu ba, zan iya zama da wannan kwas har ƙarshe? In amsar a'a ce, gara ka haƙura ka sake jarrabawa.

Iyayenmu kuwa muna roƙonku, kada ku sa yaro ya ɗauki kansa wanda ya kāsa don bai zama likita ba. Asibiti ma ba ya tafiya sai da masu haɗa magani, da ma'aikatan jinya, da masu gwajin jini. Allah Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, amin.