Sabuwar Kyamara ko Sabon Gilashi? Lissafin Mai Hoto a Maraɗi

Akasarin kyamarorin da ke cin kasuwar biki da suna a Maraɗi ba sababbi ba ne. Ire-iren Canon 600D ne, wadda ta fito a 2011, da Nikon D3200 ta 2012 da ƴan'uwansu, waɗanda suka gama yayinsu a wasu ƙasashe kafin su iso hannunmu a matsayin na hannu. Yanzu kuma sabon zubi ya shigo, wato kyamarori marasa madubi a ciki, irin su Sony a6400 da Nikon Z50, dukansu na 2019, da Canon R10 ta 2022. Ba su kai tsadar na manyan gidajen jarida ba, ba su kuma yi arahar na ƴan koyo ba. Matsakaita ne, shi ya sa suke hana mai hoto barci, domin yana ganin in ya matsa zai iya. Canon R10 ta fito a kan dalar Amurka 979, gangar jiki kawai ba gilashi, wato wajen jika 600 a canjin lokacin, ba a ma yi maganar kuɗin hanya da na duwan ba. A ganina wannan kuɗi bai cancanci fita daga aljihun mai sana'a ba sai in sabuwar za ta ba shi damar sayar da wani aiki da tsohuwar ta kasa yi. In kuwa aikin jiya zai ci gaba da yi a kan farashin jiya, to gilashi da fitila sun fi ta amfani nesa ba kusa ba.

Abin da ɗan kasuwa ke fara tallatawa shi ne yawan megafiksel, wato adadin ƴan ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka zama hoto. A nan ne lissafi ya fi sauƙi. Hoton da ake wankewa a saka a albam, mai santimita 10 da 15, ɗigo 1,200 a faɗi da 1,800 a tsawo yake bukata kafin ya fito tangaran, bai kai megafiksel biyu da rabi ba ke nan. Wanda ake saka wa firam a rataye a falo, mai santimita 20 da 30, bai kai tara ba. Tsohuwar 600D tana da 18, D3200 tana da 24, daidai da na R10 ɗin da ake sha'awa. Sannan ina hotunan suke ƙarewa? Mafi yawansu a WhatsApp, wanda ke matse hoto ya rage shi zuwa wajen megafiksel biyu in ba a zaɓi aika shi da cikakken kyansa ba. Ƙawayen amarya a waya za su kalla, dangin ango da ke Katsina ko Agadas a waya za su kalla. Shagon da hoton katin shaida da na takardun makaranta ke riƙe da shi kuwa, ba shi da wani dalili ko ɗaya na canza kyamara muddin tana aiki.

Inda hoto ya fi lalacewa a garin nan shi ne wajen haske, kuma mutane da yawa kyamara suke ɗora wa laifi. A duba tsakar gida a daren kamu ko buɗar kai. Ƙwan lantarki ɗaya ne a maƙale a bango, mata sun cika tabarmi, amarya ta sunkuyar da kai a ƙarƙashin mayafi mai ƙyalli, zanen lallen hannunta shi ne abin da uwarta za ta fara nema a hoton. Mai hoto ya ja gilashin da aka sayar masa tare da kyamarar, ɗan 18-55 ɗin nan da kowa ke da shi, har ƙarshensa. A wannan matsayi ƙofar da haske ke shiga ta tsuke zuwa f/5.6. Dole kyamara ta daɗe a buɗe kafin ta tara haske, hannu ya motsa, zanen lallen ya narke, fuska ta yi dishi-dishi. Gilashin 50mm mai f/1.8, wanda sabonsa na Canon ya fito a kan wajen dalar Amurka 125, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Babu wata kyamara matsakaiciya da za ta ninka wa mutum haske sau goma don kawai sabuwa ce. Abin da shekara goma ta ƙara wa farantin da ke karɓar haske a ciki bai kusanci haka ba. Haka ma fitilar filashi ta dabam, irin ta Godox, wadda ake juya kanta ta haska rufi ko farin bango hasken ya dawo a tausashe: ita ce ke raba hoton da fata ta fito da launinta da wanda goshi ke ƙyalli, bayan mutum kuma ya yi baƙi ƙirin. Wanda ya sayi sabuwar kyamara ya maƙala mata wancan tsohon gilashin, hotonsa na dare zai ɗan gyaru, amma ba gyaruwar jika 600 ba. Da rana kuwa maganar ba ta ma taso ba. Wanda aka ɗauka aiki ya je gonakin ban-ruwa na Jiratawa ya ɗauko masu yankan zogale da hantsi, rana ta ba shi hasken da ya fi ƙarfin bukatarsa, kuma da wuya wanda ya ba shi aikin ya iya bambance hoton 2011 da na 2022.

Duk da haka akwai wuraren da sabuwar ta yi wa tsohuwar fintinkau, kuma rashin adalci ne a ɓoye su. Na farko abu mai gudu. Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, ko ta Sarkin Gobir a Tsibiri, mahaya kan sako dawakai a guje su zo su ja linzami a gaban sarki, ƙura ta turnuƙe, hannu ya ɗaga sama don jinjina. Duk abin bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Canon 600D wurare tara kacal take da su na saita ido, kuma ba ta kai hoto huɗu a daƙiƙa ba. R10 kan gane fuskar mutum da kanta, ta kama idonsa ta bi shi, ta ɗauki hoto 15 a daƙiƙa. Haka abin yake a filin kokowa, a garin da ya ba Nijar sarkin kokowarta na farko, Yakuba Ango Kantu, wanda ya ɗauki takobi a Tawa a 1975: lokacin da ƙafa ta bar ƙasa shi ne hoton, wanda ya makara da rabin daƙiƙa sai dai ya ɗauki ƴan kallo. Na biyu bidiyo, kuma nan ne na fi ganin hujja mai ƙarfi. Masu biki yanzu ba hoto kaɗai suke nema ba, suna son ɗan gajeren bidiyon da za su sa a TikTok da cikakke na ajiya. 600D ba ta bin mutum da saiti yayin da take ɗaukar bidiyo, kuma takan tsaya bayan kamar minti 12 in fayil ya cika. Sababbin suna bin fuska ko mutum na rawa, kuma a6400 da R10 sun wuce iyakar minti 30 da ta daɗe tana takura masu wannan aiki. Mai hoton da yake mayar da masu neman bidiyo, ko yake raba kuɗin biki da wani mai kyamarar bidiyo, yana da ƙofar samun kuɗi da sabuwar za ta buɗe masa. Wannan shi ne mutumin da ya kamata ya saya.

Sai dai shi ma ya sani farashin da ke jikin kwali ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Kyamara marar madubi allo take kunnawa duk lokacin da aka kai ido, don haka cin batirinta ya fi yawa. A ma'aunin da kamfanonin Japan suka yarda da shi, Nikon D3500 mai madubi tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, Z50 kuwa wajen 300. A garin da wutarsa ke zuwa ta layin Katsina, wanda kuma ya ga yadda aka yanke ta a watan Agustan 2023, wannan ba ƙaramar magana ba ce: sai da batir biyu ko uku na ajiya, kuma na asali ba su da araha. Ga ƙura. A lokacin hunturu, duk sa'ad da aka cire gilashi daga yawancin marasa madubi, farantin hasken a fili yake, ƙwayar ƙura ɗaya ta zauna a kai sai ta fito a matsayin tabo a kowane hoto har a goge. Ga zafi: kamfanonin sun rubuta cewa kyamarorin nan daga digiri 0 zuwa 40 aka yi su, mu kuwa a Afrilu da Mayu mukan wuce nan, kuma doguwar ɗaukar bidiyo kan sa wasunsu su kashe kansu don su huce. Bidiyon 4K na awa ɗaya kan ci wajen gigabayit 45, ke nan sai sabon katin memori mai sauri, sai wurin ajiya, wataƙila har da sabuwar kwamfutar da za ta iya tace shi. Tsofaffin gilasai ba sa shiga kai-tsaye sai da mahaɗi na musamman, kuma a ɓangaren Nikon waɗanda ba su da injin saiti a jikinsu sai dai a murɗa su da hannu. In ta lalace kuma, mai gyaran da ya san cikin 600D kamar tafin hannunsa ba lallai ne ya taɓa buɗe R10 ba, sai a yi ta neman wanda zai kai ta Kano ko Yamai.

Za a ce ai siyan na gari mayar da kuɗi gida, kuma masu biki da ido suke zaɓar mai hoto: in suka ga kaya sabo fil sai su saki jiki su biya da kyau. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin kwarjini na cikin jarin kowace sana'a. Amma uwar amarya ba ta san bambancin R10 da 600D ba, kuma sababbin ma sun fi ƙanƙanta, har wani kan ɗauka su ne na wasa. Abin da ke kawo aiki na gaba shi ne hoton da ƙawar amarya ta gani a wayar ƴar'uwarta ta tambaya wa ya ɗauka, da kuma cika alkawarin ranar kawo albam. Za a kuma ce wayoyi sun taso mai hoto a gaba, dole ya tsere musu da sabon kaya. Gaskiya ne waya ta cinye kasuwa: a 2010 kamfanonin kyamara sun fitar da wajen miliyan 121 a duniya, a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Sai dai abin da waya ta kashe shi ne hoton da kowa zai iya ɗauka. Abin da har yanzu take fama da shi shi ne sarrafa haske a ɗaki mai duhu, da jawo fuska daga nesa ba tare da ta dagule ba, da tsara mutum talatin a tsaya a hoto ɗaya kowa ya fito. Biyu na farko aikin fitila da gilashi ne, na ukun kuma aikin mai hoton ne da bakinsa.

Wata hujjar mai nauyi kuma ita ce masu madubi sun kama hanyar ƙarewa. Canon da Nikon sun koma sabon tsari tun 2018, kuma a ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya bayyana cewa 1D X Mark III ce babbar mai madubi ta ƙarshe da za su yi. Wannan gaskiya ne, kuma wanda zai fara sana'a yau da jarinsa a hannu ya kamata ya sa shi a lissafi. Amma ga wanda ya riga ya mallaki kayan, labarin alheri ne, domin masu hoton Turai da Amurka na ta sakin tsofaffin gilasai masu kyau, farashinsu na sauka. Har akwai abin da wasu tsofaffin suka fi sababbin: Nikon D7200 ta 2015 tana da gurbin kati biyu, tana rubuta kowane hoto a wuri biyu lokaci guda, alhali R10 da Z50 da a6400 gurbi ɗaya gare su. Wanda ya san ba a sake ɗaurin aure don kati ya lalace, ya san darajar wannan gurbi na biyu.

Hanyar yanke hukunci tana cikin kwamfutar mai hoton kansa. Ya buɗe hotunan bukukuwa biyar na baya, ya ware waɗanda ya kasa miƙa wa masu su, ya tambayi kansa me ya ɓata kowanne. In duhu ne da dishi-dishi, gilashi da fitila zai nema. In saiti ne ke kuɓucewa a kan mai gudu, ko kuwa yana da jerin mutanen da suka nemi bidiyo ya ce ba ya yi, to kyamarar ce ta gaza. Daga nan sai lissafin kuɗi. A ƙaddara duka kayan, da gilashi da batura da katuna, sun tashi jika 800, kuma sabon aikin zai ƙara masa jika 10 a kowane biki: sai ya yi biki 80 kafin kuɗinsa ya dawo, shi ya san ko shekara ɗaya ce wannan a wurinsa ko huɗu. Ya kuma duba adadin hotunan da tsohuwar ta ɗauka tun fitowarta, domin tana ajiye lissafin a cikinta, kuma ƙananan irin D3200 an gwada marfin da ke buɗewa ya rufe a cikinsu ne a kan ɗauka 100,000. Wadda ta kusa nan tana iya tsayawa ana tsakiyar aiki, don haka mai ita ya fara tara kuɗi tun yanzu, in ya sayi sabuwar kuma kada ya sayar da tsohuwar, ya bar ta a jaka da batirinta a cike.