SAKE RUFIN SORO: A GAMA MAGANA DA MAGINI TUN DA RANI



Ƙasar Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. A shekara ana samun wajen milimita 800, kuma a watan Agusta ya fi yawa. Wannan ruwa albarka ne ga gona, amma yana cin soron ƙasa. A damanar 2024 mutane fiye da 300 suka rasu a Nijar sanadin ruwa, da yawansu kuwa gini ne ya faɗa musu. A watan Satumba na shekarar 2024 har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Saboda haka duk magidancin Yelu da rufinsa ya gaji, kada ya ce sai baɗi. Ya nemi magini tun da rani, su gama magana kafin a taɓa rufin.

Yaushe rufi yake bukatar sakewa?

Ku shiga ɗaki da rana, ku ɗaga kai. In azara ta yi ciki, ko garin itace yana zubowa, ko kun ga hanyar gara, to, rufi ya fara gajiya. Ku soki azara da tsinin wuƙa. In wuƙa ta shige da sauƙi, azarar ta mutu.

Da yawanmu, in soro ya fara yoyo, sai mu ƙara masa ƙasa kowace shekara. Wannan yana da haɗari. Mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3. In kaurin ƙasar da ke samansa ya kai santimita 20, nauyinta ya kai kamar na buhun hatsi 40 masu kilo 100. In ta sha ruwa kuma sai ta ƙara nauyi. A ƙarƙashin wannan kaya ne iyali suke kwana. Ƙarin ƙasa a kan ruɓaɓɓiyar azara ba gyara ba ne.

Lokacin aiki

Lokacin da ya dace shi ne bayan an kai amfanin gona gida, daga watan Disamba zuwa Maris. A lokacin akwai ɗan abin hannu, akwai masu taya aiki, ƙasa kuma tana bushewa sosai. Wanda ya bari har hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu, zai tarar magina sun yi wuyar samu, kuma za a yi masa aikin gaggawa.

Zaɓen magini

Kada ku ɗauki magini don daɗin bakinsa, ko don kuɗinsa ya fi na kowa sauƙi. Araha ba ta ado. Ku je ku ga soron da ya rufa wanda ya ci damana uku. Ku tambayi mai gidan a bayan idon maginin: ya yi yoyo? An gama a kan lokaci? An ƙara masa kuɗi ana tsakar aiki?

In baƙo ne daga Kamba ko Malanbil, ku nemi wani sananne a gari ya tsaya masa. Ku ji ta bakin magina biyu ko uku kafin ku tsai da ɗaya.

Maginin kirki yana fara duba bango kafin ya faɗi kuɗi. In bango ya tsage, ko danshi ya cinye gindinsa, sai an gyara shi tukuna. Wanda ya yanke kuɗi bai duba bango ba, ku yi hattara da shi.

Jinga ko kwangila?

Hanya biyu ce. A jinga, mai gida ne yake sayen kaya, ya biya magini ladan aikinsa. A kwangila, magini ne yake kawo kaya da leburori, a biya shi a dunƙule. Kwangila ta fi hutu, amma sai an sa ido, domin ana iya kawo kaya marasa kyau.

Maganar azara

Allah ya albarkaci Dallol Mawri da giginya, daga Yelu har Bengu da Bana. Amma ba kowace azara ce mai ƙarko ba. Ta namijin giginya wanda ya tsufa ta fi ƙarfi. Ƙarfin giginya a bayanta yake, cikinta kuwa taushi gare shi. Ku zaɓi azara mai duhu, mai nauyi, busasshiya. Fara mai sakwat ba ta jimawa, gara take ci.

Giginya tana shekaru da yawa kafin ta isa sara, shi ya sa hukuma take kare ta. Nijar tana da dokar gandun daji ta shekarar 2004, kuma ba a saran giginya sai da izni. Ku tambayi mai sayarwa takardarsa ta ma'aikatan gandun daji. Azarar sata tana jawo a ƙwace kaya, a ci mutum tara. Tsohuwar azarar da ke da sauran ƙarfi kuma kada a yar, a sake amfani da ita.

A rubuta yarjejeniya

Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane. Ku zauna da magini gaban shaidu biyu, a rubuta waɗannan abubuwa:

1. Ɗakin da za a rufa, da tsawonsa da faɗinsa.
2. Yawan azara, zana, leda da indararo, da wanda zai saye su.
3. Wanda zai kawo ƙasa da ruwa, da wanda zai ciyar da ma'aikata.
4. Ranar farawa da ranar gamawa.
5. Jimlar kuɗi da yadda za a biya.
6. In rufi ya yi yoyo a damanar farko, magini zai dawo ya gyara ba da ƙarin kuɗi ba.

Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, kowa ya riƙe tasa takarda. In gardama ta tashi, takardar nan za a kai gaban mai gari.

Kada ku biya kuɗi duka tun farko. Misali, in an yi jinga a kan jika 90, ku ba da jika 30 kafin alƙalami. Ku ba da jika 30 in an gama jera azara. Ku ba da jika 20 ranar da aka gama aiki. Sauran jika 10 su jira ruwan farko mai ƙarfi.

Abin lura ana cikin aiki

A sauke tsohuwar ƙasa duka. A jera azara kusa da kusa, kowace ta zauna sosai a kan bango. In ɗaki yana da faɗi, a sa ginshiƙi a tsakiya. A shimfiɗa zana, a bi ta da leda marar huji. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta tsima. A zuba ta kaɗan kaɗan, in shafin farko ya bushe sannan a ƙara. Saman rufi ya gangara wajen indararo, shi kuma indararo ya yi tsawo don ruwa ya zuba nesa da bango. A ƙarshe a yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa.

Kafin ku sallami magini, ku hau sama tare, a zuba ruwa bokiti uku. In ruwan ya kwanta bai bi indararo ba, aiki bai ƙare ba.

Wanda ya zaɓi kwano maimakon ƙasa, ya sani ya fi sauƙin nauyi, amma yana da zafi. Ya tabbata an ɗaure shi da bango sosai, domin iskar farkon damana tana yaye rufi.

Lafiyar iyali

Ranar sauke rufi, a nisanta yara da dabbobi. Kada kowa ya kwana a ɗakin sai an gama. A cike ramin da aka ɗebi ƙasa, domin in ruwa ya taru a ciki sauro zai hayayyafa, yara ƙanana kuma suna iya faɗawa. Kowace shekara, kafin ruwan farko, a hau a share indararo, a liƙe tsaga.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu, amin.