Neman Littafi Kafin a Haye Gada

(Kiɗan buɗe shiri)

 Gaisuwa ga ɗalibanmu na Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha da Nasarawa, musamman 'yan ajin ƙarshe da malami ya ce su kawo babi na biyu na kundinsu, alhali ko littafi ɗaya bai shigo hannunsu ba tukuna. Yau da ku za mu yi.

Duk mazaunin kudancin kogin Kaduna ya san manyan ɗakunan karatun garin nan a tsallake suke. Gidan Arewa da aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, da laburaren Isa Kaita na Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada, da na Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004, duk sai an haye gada. Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello kuwa yana can Samaru a Zariya, tafiyar da ta haura kilomita 80. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, ba wanda zai so ya biya kuɗin Keke da na mota, ya isa, a ce masa littafin babu. To, akwai hanyar da mutum zai leƙa kantocin laburare yana zaune a ɗakinsa, da wayar hannunsa. Ita ce katalog na intanet, wanda ma'aikatan laburare ke kira OPAC.

Iyayenmu da suka yi jami'a a da sun san kakansa: dogon kabad mai ƙananan aljihuna, cike da katuna da aka zura wa ƙarfe don kada wani ya zare ɗaya. Kowane littafi yana da katin sunan marubuci, da na sunan littafi, da na abin da ya yi magana a kai. A 1968 wata ma'aikaciyar Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, Henriette Avram, ta kammala tsarin da ya sa kwamfuta ke iya karanta abin da ke kan katin. Daga nan jami'o'in jihar Ohayo suka fara haɗa katalog ɗinsu wuri guda a 1971, abin da ya girma ya zama WorldCat, wanda yau kowa ke iya dubawa kyauta. Jami'o'inmu da dama suna amfani da wata manhaja mai suna Koha, wadda aka fara aiki da ita a Niyuzilan a shekarar 2000, ba a kuma sayar da ita. Wasu laburaren sun buɗe katalog ɗinsu ga duk mai data, wasu sai ka shiga harabar makaranta.

Tarihin ya isa haka. Abin da ya kawo mu yau shi ne kalmar nan da ɗalibai suka fi yawan faɗa: "Malam, na duba, babu komai." Sau da yawa akwai. Tambayar ce ba a iya yi ba.

(Gajeren kiɗa)

Mu ɗauki misali daga ƙofar gidanmu. A ce ɗaliba tana rubutu a kan rufewar masaƙun Kakuri. Abu ne da ta sani tun tana goye. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, aka rufe ta a 2002, kuma da wuya ka sami layi a Kakuri ko Makera da babu gidan tsohon ma'aikacin masaƙa. Sai ta buɗe katalog ta rubuta "Kakuri". Shiru. Ta rubuta doguwar jimla kamar yadda take yi wa Google, ta ce me ya jawo durƙushewar masaƙu a Kaduna. Nan ma shiru. Sai ta rufe waya ta ce ba a yi rubutu a kai ba.

An yi kuwa. Wasu masana biyu daga ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun fitar da littafi a 1998 mai suna Union Power in the Nigerian Textile Industry, kuma masaƙun Kaduna da ƙungiyar ma'aikatansu suna cikin ginshiƙansa. Ba Kakuri a sunan littafin, ba ma Kaduna. Ita Google cikin shafi take shiga ta karanta. Katalog bai san abin da ke shafi na 90 ba. Abin da ya sani shi ne ɗan bayanin da ma'aikaci ya shigar: marubuci, sunan littafi, maɗaba'a, shekara, da kanun batu biyu ko uku. Don haka sai ka ja da baya, ka tambayi kanka: in ni ne mai shigar da littafin nan, a ƙarƙashin wane babban batu zan sa shi? Kalmomi biyu sun wadatar, textile da Nigeria.

Da zarar littafi ɗaya mai kyau ya fito, kada ka yi garajen kwafe sunansa ka fita. Buɗe cikakken bayaninsa. A ƙasa za ka ga kanun batun, galibi da launin shuɗi. Danna ɗaya, sai duk littattafan da aka sa a ƙarƙashinsa su jeru. A ganina wannan ita ce dabara mafi amfani a duk harkar, ita ce kuma aka fi tsallakewa. Sai dai a lura, yawancin jami'o'inmu kanun Laburaren Majalisar Amurka suke bi, saboda haka rubutun Turancin Amurka ne. Mai neman batun ƙwadago da ya rubuta labour da harafin "u" yadda aka koya mana a firamare, ya sake gwadawa ba tare da shi ba.

Yanzu ga inda lamarin ya fi shafar mu mutanen wannan yanki, inda Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi da Adara da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya. Ɗalibi zai nemi tarihin mutanensa da sunan da suke kiran kansu, ya sami littafi biyu ko uku na kwanan nan, ya zaci shi ke nan. Amma rubuce-rubucen zamanin Turawa da na shekarun bayan 'yancin kai da wasu sunaye suka fito: Kaje, Katab ko Kataf, Jaba, Gwari, Kadara. C. K. Meek, a littafinsa na 1931 kan al'ummomin Arewa, da sunan Katab ya yi dogon bayaninsa. Da yawa daga cikin masu waɗannan sunaye ba sa son a kira su da su yau, kuma suna da hujjarsu. Amma mai bincike dole ya san su, ko don ya karanta abin da aka faɗa a kan kakanninsa ya yi masa gyara. Haka abin da muke kira Kudancin Kaduna yanzu, tsofaffin takardu Kudancin Zariya suke ce masa.

Ita kanta jihar sau nawa ta sake suna? Kafin 1967 Jihar Arewa ce gaba ɗaya. Daga 1967 zuwa 1976 sunanta Jihar Arewa ta Tsakiya, saboda haka rahoton ma'aikatar ilimi ko ta lafiya na waɗannan shekaru a ƙarƙashin North Central State yake kwance. Kuma har 1987 Katsina tana cikin Jihar Kaduna. Wanda ya ɗauko alƙaluman 1980 ya jera su da na yau bai lura da wannan ba, malaminsa zai yi masa jan biro.

(Gajeren kiɗa)

Sai sunan marubuci. Katalog yakan fara da sunan ƙarshe. Marubucin Magana Jari Ce yana nan a Imam, Abubakar. Na Shaihu Umar yana Balewa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa, wani wuri Usuman dan Fodio, wani wuri Uthman ibn Fudi, gwargwadon ko daga Turanci aka ɗauko ko daga Larabci. Gwada kowanne. Haruffanmu masu lanƙwasa ma suna da tasu rigimar. Ma'aikacin da ya shigar da littafi shekaru ashirin da suka wuce wataƙila kwamfutarsa ba ta da ƙ da ɗ da ɓ, sai ya sa k da d da b, ko ya ɗora musu waƙafi a ka. In ka nema da lanƙwasa ba ka samu ba, cire ta ka sake.

To, an sami littafi. Abu biyu za ka kwafa kafin ka tashi. Na farko, lambar da ke manne a gadon bayansa, wadda ita ce adireshinsa a kan kanta. Takan fara da baƙaƙe. Tarihin Nijeriya yana DT515, harshen Hausa da adabinsa suna farawa daga PL8231, zanen gine-gine yana NA, aikin jinya yana RT. Batun masaƙa ya rabu biyu: sana'ar saƙa da injinanta suna TS, ma'aikata da tattalin arzikinta suna HD. Kwafe lambar duka, har abin da ke bayan ɗigo, domin a kanta DT515.42 yana zuwa kafin DT515.5, ko da yake ido zai ce 42 ya fi 5. Idan ka isa wurin, duba littattafan da ke dama da hagu. Maƙwabtansa danginsa ne.

Na biyu, duba inda yake da halin da yake ciki. Babbar jami'a tana da laburare fiye da ɗaya. A Zariya, alal misali, littafin shari'a yana iya kasancewa a Kongo, ba Samaru ba. Katalog zai kuma nuna ko an ari littafin, ko yana cikin waɗanda ba a fita da su, sai dai a karanta a wurin. In kai ba ɗalibin makarantar ba ne, ka tafi da takardar gabatarwa daga laburaren makarantarku da katin shaidarka, kada mai gadi ya mayar da kai daga bakin ƙofa.

Akwai kuma abin da katalog ba ya ɗauke da shi. Maƙalar cikin mujalla ba ta fitowa da sunanta. Salihu Maiwada da Elisha Renne sun rubuta maƙala a kan masaƙun Kaduna a mujallar Textile History a 2013. Sunan mujallar za ka nema, sa'an nan ka duba ko laburaren yana da fitowar wannan shekara, a takarda ko ta intanet. Kundayen digiri na biyu da na uku sau da yawa rumbunsu daban ne. Na Jami'ar Ahmadu Bello sunansa Kubanni, sunan rafin da ya ratsa Samaru. Littattafan hikaya na kasuwar Kano kuwa, da ƙananan littattafan da coci-coci da makarantun Islamiyya ke bugawa da kuɗin aljihunsu, da yawansu ba su taɓa shiga hannun mai shigar da littafi ba, duk da dokar 1970 da ta wajabta wa maɗaba'a kai kofe uku Laburaren Ƙasa.

Sa'an nan ba kowane laburare ne ya gama kwashe tsofaffin katunansa zuwa kwamfuta ba. Aiki ne na littafi ɗaya bayan ɗaya, ga ƙarancin hannu, ga ɗaukewar wuta. Idan abin da kake nema ya girmi shekarun 1990 kuma allo ya ce babu, je wurin ma'aikaciyar da ke teburin tambaya. Gaishe ta da kyau, ka ce, "Ranki ya daɗe, ga abin da nake nema, ga kalmomin da na gwada." Wanda ya zo da jerin abin da ya riga ya gwada, ba a ɗaukarsa malalaci, kuma sau da yawa ita za ta kai ka ga kabad ɗin katunan, ko ta kira takwararta ta wani reshe ta tambayar maka.

Masu sauraro, agogo ya ce mu dakata a nan. 

(Kiɗan rufe shiri)